Kyautar Harsasai

Saura kwana uku yara su cika sansanin, harsasan da ke ma'ajiyar Lyle Brannock kuwa ba za su kai wuni biyu ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana koya wa yaran wannan yanki na Montana harbin allo a lokacin hutu, kuma duk abin da ake harbawa kyauta ce daga mutanen gari. Bana kowa ya maƙale hannu.

Da hantsin Juma'a sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bakin filin harbi. Wata mata ta fito, ko injin ba ta kashe ba, ta yaye tampol. Kwali goma sha ɗaya reras.

Lyle ya leƙa. Akwai ƙananan harsasan da bindigogin yara ke ci, akwai na harbin barewa, har da na ƙaramar bindigar hannu.

"Baiwar Allah, ƙananan nan kawai muke amfani da su."

"Ka ɗauke duka. Ka rabar, ka binne, duk yadda ka ga dama."

"Bindigogin fa?"

"Suna gida cikin akwatin ƙarfe. Ban san lambar buɗewa ba."

Nan Lyle ya fara zargi. Wace irin mai kyauta ce ba ta san abin da ta kawo ba? Ta ce sunanta Darlene Kessler, amma a jikin kowane kwali an rubuta Royce Tolliver da baƙar tawada. Da ya ce za a sa sunanta a allon masu taimako da ke ɗakin cin abinci, sai ta yi wuf ta ce a'a, kada ma a faɗa wa kowa. Sau uku tana duba agogo. Da kanta ta riƙa jidar kayan tana haki, ta karɓi lambar wayarsa, ta figi mota.

Maxine mai dafa abinci ta fito tana goge hannu.

"Kai tsoho, Allah ya jefo maka abin da kake kuka a kai, ka tsaya kana harararsa?"

"Kayan sata ne, Maxine."

"Kai dai ko uwarka ce ta kawo maka kofi sai ka shinshina."

Ta yi dariyarta ta koma. Shi bai ga abin dariya ba. Kwali ɗaya na sata aka samu a nan, an rufe filin ke nan, kuma babu mai sake buɗe shi. Tsoro ya kama shi sosai, don in ka cire filin nan Lyle ba shi da komai. Ya yi tunanin kiran 'yan sanda, sai ya tuna iyaye za su ji an ga motarsu a sansani. Gara ya kashe maganar da kansa.

A gindin wani kwali akwai takardar gidan waya da adireshi, wata gona mai nisan mil talatin. Ya loda kayan tsaf, bai rage ko ƙwaya ɗaya ba, duk da ransa na kan ƙananan nan kamar me.

Ciyawa ta yi tsawo a ƙofar gidan. Mutumin da ya buɗe dogo ne, rigarsa ta yi masa yawa, ga jakar tafiya a ƙasa ko zugewa ba a yi ba.

"Royce Tolliver?"

"Ni ne. Shigowata ke nan, 'yata ta sauke ni. Na kwana biyu ba na gida."

Lyle ya ji daɗi har cikin ransa. Ai ga shi nan, mai gida ya yi tafiya, ɓarauniya ta shiga! Ya kwashe labari ya ba shi. Royce ya daɗe yana kallon kwalayen, yana murza wani farin awarwaron roba da ke wuyan hannunsa.

"Wata mata, ka ce?"

"Mai jar mota. Ka canza makullanka, ɗan'uwa."

"Zan duba. Na gode ƙwarai da wahala."

Mutum mai natsuwa, ko ɗaga murya bai yi ba. Tare suka shigar da kayan gareji, suka jera su a kan kanta kusa da akwatin ƙarfen. Royce ya yi masa musafaha, ya mayar da ƙofa a hankali.

Lyle ya kama hanya yana ta yin fito don murna. Harsashi dai babu, amma filinsa ya tsira, kuma Maxine za ta sha gori. Ya yi kamar mil goma sai wayarsa ta yi ƙara. Darlene ce, muryarta ta sake, har da 'yar dariya.

"Malam Brannock, ka yafe min rashin kunyar ɗazu, sauri nake yi. Sunan gidan mahaifina na ba ka, ba na mijina ba, don kada gari ya ɗauka. Ina kantin magani yanzu, sai na ce bari in yi maka godiya. Yau aka sallamo mijina Royce daga asibiti, bayan abin da ya so yi wa kansa a watan jiya, kuma likita ya ce in dai ina son ransa, kada ya tarar da harsashi ko ɗaya a gidan nan."