Yatsu Biyu a Baki

"Ba zan yi fito ba, Kawu."

Kawunta ne shugaban 'yan benen sama a gidan waƙar opera na garinsu, masu ɗaga mawaƙi da tafi ko su kashe shi da fito. A daren nan ya ba da umarni: da zarar wani tsohon mawaƙi da ya zo daga birnin Napoli ya kai gaɓar da murya ke hawa ƙololuwa, a rufe shi da fito, don bai zo ya kama ƙafa ba.

"Karatun kiɗan nan ya kumbura miki kai," in ji Kawu. "Tsohon zakara ne, cararsa ta ƙare."

"To, bari kunne ya yi mana alƙalanci."

Gaɓar ta zo. Tsohon ya dasa ƙafa, ya buɗe ƙirji, muryarsa ta tashi ta daki rufi, ta tsaya can daram ba ko rawa. Ita kaɗai ta miƙe tana tafi. Sai benen ya bi ta, sai gidan duka.

Ta waiga. Kawu na zaune, yatsu biyu a baki, fiton bai fita ba, hawaye na bin yatsun.

Bai yafe mata wannan waigen ba. Ya ba wani kujerarta, kuma har yau ba ya mata magana.