Ijazar Sailuba

Tun da suka zauna a wani gidan shayi na unguwar Shifa a Riyadh, Kamil ya kasa daina kaɗa ƙafa. Sau ɗaya kamfaninsu ke ba shi ijaza, wato hutun aiki, a shekara, ya kuma tanade ta don sanyin bana, da niyyar baffanninsa su kai gaisuwa gidan su Sailuba.

Sailuba ta turo masa wayarta ba ta ɗago ido ba. Takardar aikin sa kai ce a wani gandun daji can gida, mako huɗu ana kwance tarkon mafarauta.

"Hutun naki duka, Sailuba? A kan giwaye?"

"Shekara shida ina jinyar mutane a Riyadh," ta ce a hankali. "Babana a dajin nan ya yi gadi har ya rasu, ban taɓa taka inda ya taka ba."

"To ni fa?"

Ta juya kofinta, ta sake juyawa. "Ban ce ka jira ni dole ba."

Ya miƙe har bakin ƙofa, sai ya dawo ya tsaya a gabanta.

"Wane irin takalmi ake sawa a dajin?"