Ranar Awon Numfashi

Tun da hayaƙi ya rufe gari, iska mai kyau sai a Unguwar Rumfa, inda ba a ba kowa gida sai iyayen yaron da ƙirjinsa ke kuka. A nan ƙaramar Ladiyo ke zaune da Innarta. Abin da ke ɗaure wa Ladiyo kai, duk wanda ya ce mata "Allah ƙara sauƙi," Innarta ba ta cewa amin.

Ranar awo, malamar asibiti ta miƙa wa Ladiyo bututun na'urar awon numfashi.

"Cika ƙirji, ki hura kamar mai hura wuta."

Ladiyo ta hura iya ƙarfinta. Fitilar na'urar ta yi kore.

"Inna, na warke ke nan?"

Inna ta daɗe tana kallon hayaƙin da ke bayan gilashin taga.

"Kin warke, 'yar nan. Mu je mu ɗaure kaya."