Katakon Ranar Alhamis

Jeffrey ya ɗora jitar a kan teburina, ya tsaya yana juya makullin mashin ɗinsa a yatsa. Shi ke kiɗa a wani coci kusa da Tina Junction, kuma jita biyu na taɓa yi masa kafin wannan. Ya faɗi wani abu, na ce ya maimaita. Yaran yanzu a ciki suke magana.

"Baba Bala, ba ta da murya," in ji shi. "Kyau kam akwai. Amma in na kaɗa, kamar ana buga ƙofar banɗaki."

Ita ce ta uku da aka dawo mini da ita cikin wata biyar, tun rasuwar matata Tabawa.

Na ɗauki jitar na duba. Bayanta da gefenta madobiya ne, wuyanta maɗaci, inda yatsu ke hawa kuma kanya ce baƙa ƙirin. Bakinta na zagaye shi da ƙahon sa da na samo wajen wani Bafulatani a Naraguta, na ratsa siririn zaren kuza a tsakani. Sati biyu wannan adon kaɗai ya ci. Na ja tsirkiya. Ni ban ji wani aibu ba.

Shekara ashirin da shida nake wannan aiki a shagona na Nasarawa Gwom, tsakanin masu injin yanka katako. Bokona bai wuce firamare ba, amma na san muryar jita a fuskarta take, wato farin katakon nan mara nauyi da ake rufe ta da shi. Ana riƙe shi da yatsa biyu a ƙwanƙwasa. Mai kyau zai amsa, amon ya daɗe. Mara kyau zai ce tuf, ya yi shiru.

Kowace Alhamis nake zuwa rumfar Bot a kasuwar katako. Ban taɓa wuce katako uku na saman tari ba sai na samu nawa. Ina alfahari da haka. Nakan dawo gida in ba Tabawa labari, ta ajiye tsintar shinkafa ta dube ni sosai, ta ce, "Allah ya ƙara basira, Malam."

Ita dai ba ruwanta da harkar, a ganina. Takan zauna a bakin shago tana saƙar hula, tana jina ina ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe. Ranar Laraba ta tafi cefane, ta daɗe, in yi ta faɗa. Ko da ciwon ya kama ta, ƙafa ta kumbura, ba ta fasa ba. Larabar ƙarshe da ta fita sai a keke mai ƙafa uku aka dawo da ita, da albasa uku a leda. Na ce mata, "Saboda albasa za ki kashe kanki?" Kwana tara bayan haka muka kai ta makwancinta.

Na ce wa Jeffrey ya bar jitar. Ya ce auren ƙanwarsa saura sati uku, kuma ya yi mata alkawari da jitar nan zai raka ta. In ba za ta gyaru ba, in gaya masa gaskiya ya nemi ta kanti. Ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan magana a shagona.

Na ɓamɓare fuskar, na duba gam, na duba ƙananan itatuwan da ke tokare ta daga ciki. Babu kuskure. Hannuna bai canja ba. To, katakon ne ya canja. Zuciyata ta ba ni cewa Bot ya ga ina cikin makoki, ya fara tura mini abin da kafintocin gado suka ƙi.

Ban jira Alhamis ba. Na ɗauki tsohuwar fuskar na nufi kasuwa, na jefa ta gabansa, mutane suna kallo.

"Bot, shekara ashirin muna tare. Har gida ka zo mini ta'aziyya. Ashe abin da za ka yi mini ke nan?"

"Zauna, Oga Bala."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Katakon na bara ne, na bana ne, duk daga hannu ɗaya. Ban canja maka komai ba."

Na ce ƙarya yake. Na ce daga yau na bar rumfarsa.

Bai yi fushi ba. Ya sallami mai sayen da ke gabansa, ya shiga ciki ya fito da katako biyu. Ya ƙwanƙwasa na dama, ya ƙwanƙwasa na hagu, ya ce in zaɓa. Na karɓa na gwada da kaina, sau biyu, sau uku.

"Duk ɗaya ne," na ce.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya matso kusa, ya sa fuskarsa daidai tawa, ya yi magana a hankali.

"Ɗaya na waƙa, ɗaya matacce ne. Na rantse mata ba zan faɗa ba, Allah ya yafe mini. Injin nan ya cinye maka kunne tun shekara tara da suka wuce, Oga Bala. Matarka, Maman Salma, ita ce take zuwa kowace Laraba ta ƙwanƙwasa tarin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora maka masu murya a sama."