Mintin Mai Ba Da Waƙa

Shugabar zumuntar mata ta wuce dattijuwar kamar ba ta gan ta ba, ta danƙa mintin a hannun yarinyar da aka auro daga Sabon Gari. To, a majami'arsu ta Samaru, wadda aka ba minti ita ke ba da waƙa, saura su yi amshi. Dattijuwar kuwa tun tana goyon fari take karɓarsa, yau ga ta da jikoki, hannu wayam.

"Murya kamar ta sauro," ta ce ciki-ciki.

Sai ga yarinyar ta raɓo, ta durƙusa, ta miƙo mintin.

"Mama, ki sha. Ni tsoro ya hana ni haɗiyar yawu. Ki tsaya bayana, in na kasa ki ɗauke."

Ta karɓa tana fata, Allah Ya yafe mata, yarinyar ta kasa ɗin. Ta jefa shi baki. Zaƙi ya fara zuwa, sai yaji-yaji, sannan sanyi ya ratsa hanci, ya buɗe maƙogwaro har ƙirji. Ta shirya tsaf, tana jira.

Yarinyar ta ɗaga murya, ba ko gargada, ta haye inda dattijuwar ta daina kaiwa tun tuni.

Ga maƙogwaro a buɗe, ba abin yi da shi sai amshi. Ta tauna ragowar mintin ƙaras, ta amsa, har muryarta ta danne ta sauran matan.