Ranar Haihuwar Gwaggo Tabawa

A shekarar da ƙofar asibiti ta daina buɗewa sai ga wanda na'ura ta san sunansa, aka ɗora wa Dayyabu aikin kwashe rajistar garin Kwarin Maje zuwa sabuwar ma'ajiya ta intanet kafin azahar.

Ya rubuta wa na'ura umarninsa, ya duba sau uku, sannan ya aika. Sunaye suka wuce, ban da na tsofaffi ɗari biyu, domin ba su da ranar haihuwa.

Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinsa, tana zaune gefensa tana jiran nata ya shiga.

"Gwaggo, yaushe aka haife ki?"

"Shekarar da fara ta cinye gero. Rubuta haka."

"Na'ura ba ta san fara ba."

"To ita yaushe aka haife ta, da har za ta tuhume ni?"

Dayyabu ya san duk wanda ya shigar da ƙarya, difilomarsa ake sokewa. Duk da haka ya ƙara layi ɗaya a umarnin, ya ba tsofaffin nan duka ranar haihuwarsa.

"Yau shekarunki ashirin da huɗu, Gwaggo."

"Madalla, sa'ana."

Na'ura ta nemi sunan mai shaida. Ya rubuta nasa cikakke, har da na kakansa.