Tsakar Bakin Teku

Tunda ka ce ganinka na farko da mutumin nan ya ishe ka, bari in ba ka wani misali. An yi wani masunci a ƙasar Yawuri da 'yarsa ta auri mutumin bakin teku. Ya ba da ita ne ba da son ransa ba, domin shekarun baya wani ɗan can ya auri ƙanwarsa, ya kai ta kudu ya wulaƙanta ta, ta dawo gida ƙashi da rai, ba ta ga damina ta biyu ba. Da labari ya zo cewa 'yar ta haihu, sai ya hau mota kwana biyu, ya ƙudurta a ransa cewa ana gama suna zai tattaro ta da jaririyar su dawo gida. Ran da ya isa, da hantsi, ya shiga bukkar ganyen kwakwa inda aka kwantar da jikarsa, sai ya ga wata 'yar tsaka a gefen tabarma, dab da ƙafar yarinya. A garinsu tun yana yaro ake cewa tsaka mugun abu ce. Ya zare takalmi ya ɗaga. Sai uwar mijin, wata tsohuwa mai bandar kifi, ta tare shi da 'yar Hausarta ta kasuwa: "Malam, dakata. Ka duba ta tukuna."

Ta sa hannu ta ɗauke ta a hankali, ta fito da ita haske. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, bayanta launin yashi da 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ta nuna masa yatsunta masu faɗi a baki, waɗanda take manne wa itace da su ko iskar teku ba ta yar da ita. Ta nuna masa idanunta da ba sa ƙiftawa, sai dai ta goge su da harshe. Ta ce ɗanta malamin makaranta ya gaya mata dangin tsaka sun fi dubu, kowace da mazauninta. Wannan gidanta cikin itatuwan da teku ke tofarwa da ɓawon kwakwa, ƙwai biyu take mannawa a jikin itace, kuma abincinta sauro da ƙananan ƙwarin da ke cizon jarirai. Masunci ya daɗe yana kallon ƙirjin 'yar halittar yana bugawa a tafin tsohuwa, sannan ya mayar da takalminsa ƙafa. Shi da ya san bambancin tarwaɗa da ramboshi ko da lalube, sai ga shi ya kusa kashe rai bai duba ba.

Kwana biyar ya yi a gidan, ya riƙa duban surukinsa kamar yadda aka sa shi ya dubi tsaka. Ya gan shi yana ɗebo wa maijego ruwan daɗi daga rijiya mai nisa, yana hura wutar wankanta da kansa, yana cire mata ƙayar kifi kafin ya miƙa. Ya ga 'yarsa ta yi ƙiba, tana dariya har da riƙe ciki. Ran suna aka raɗa wa yarinya sunan marigayiya ƙanwarsa, kuma surukin ne ya roƙi haka. Dattijo ya juya fuskarsa wajen teku ya share hawaye da bakin rawaninsa. Washegari ya sa wa gidan albarka, ya hau mota shi kaɗai, da ƙunshin bandar kifi a cinya.

Saboda haka ka koma ka sake duban mutumin nan da kyau. Masu magana sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.